Hasken da ke tona asirin makunnin gado

Ɗauki tantani ɗaya daga hantar mutum, ka ɗauki wani daga fatarsa. Littafin gadon da ke cikinsu iri ɗaya ne sak: haruffan DNA wajen biliyan 3, a cikinsu da ƙwayoyin gado kimanin 20,000 masu ba da umarnin ƙera furotin. Duk da haka hanta ce ke ƙera albumin tana zubawa a jini dare da rana, fata kuwa ko kaɗan ba ta yi. Umarnin ƙera albumin yana nan a rubuce a cikin tantanin fatar, shafin ne dai ba a buɗe ba. To wa ke buɗe shafi, wa ke rufewa, wa kuma ke cewa a karanta wannan sau dubu, wancan sau ɗaya?

Babban ɓangaren amsar yana wurin wani ɗan yanki na DNA da ke zaune daf da bakin kowace ƙwayar gado, wanda masana ke kira furomota. Shi ba ya ƙera komai. A kansa ne inzayim ɗin (wato furotin ma'aikaci) da ke kwafe umarni daga DNA zuwa RNA, kwafin da ake bi a ƙera furotin, yake sauka kafin ya kama aiki, kuma ba ya sauka don ganin dama sai wasu furotin sun riga shi zuwa sun share masa wuri. Kowanne daga cikinsu yana da 'yan haruffan da ya sani, galibi 6 zuwa 12, da ya gan su sai ya manne. Wani in ya manne kwafa ta yi ƙarfi, wani in ya manne ta tsaya. Zan riƙa kiran furomota da makunni, ko da yake ya fi kama da abin murɗa muryar rediyo, domin tsakanin shiru da amo akwai matakai da yawa.

Wahalar ita ce auna ƙarfinsa a inda Allah ya ajiye shi. Furotin ɗin da ƙwayar gadon ke samarwa wataƙila yana da wuyar ganowa, ko yana saurin lalacewa, ga shi kuma abubuwa da dama suna taɓa yawansa ban da makunnin. Sai masu bincike suka ɗauki dabarar mai gyaran lantarki. Idan yana shakkar makunni ba ya tsayawa dogon nazari, cire shi yake yi ya jona masa ƙwan fitila ya gani. Haka ake yanko furomota, a jona shi da wata baƙuwar ƙwayar gado wadda abin da take samarwa ba ya ɓuya: haske, ko launi, ko wani sinadari mai sauƙin aunawa. Wannan baƙuwar ita ce 'yar rahoto. In makunnin na da ƙarfi rahoto ya yi yawa, in rarrauna ne ya yi kaɗan.

Abin da ke ɗaukar su biyun ya kai su cikin tantani shi ne filasmid, wani ƙaramin zoben DNA da bakteriya ke ɗauke da shi ban da babban kundin gadonta. Joshua Lederberg ne ya raɗa masa wannan suna a 1952, kuma a 1973 Stanley Cohen da Herbert Boyer da abokan aikinsu suka nuna cewa ana iya yanka shi, a ɗinka masa baƙon yanki, a mai da shi cikin bakteriya ya ci gaba da hayayyafa. Filasmid mai kawo rahoto na yau bai cika wuce haruffa 4,000 zuwa 6,000 ba kafin a saka masa kaya. A jikinsa akwai wurin da bakteriya ke fara kwafarsa, da ƙwayar gadon jure wa maganin amfisilin don a tace bakteriyar da ta karɓe shi daga wadda ba ta karɓa ba, da 'yar rahoton kanta, da alamar da ke nuna inda kwafa za ta ƙare. A gaban 'yar rahoton kuma an bar gurbi fayau, babu makunni. Nan mai bincike zai dasa nasa. Ya reni bakteriyar E. coli kwana ɗaya, ya tace filasmid ɗin, sannan ya karanta haruffansa ɗaya bayan ɗaya don ya tabbata abin da ya yi niyyar dasawa shi ya dasa. Wanda ya tsallake wannan karatun don gaggawa yana iya shafe watanni yana auna kuskuren kwafa.

'Yan rahoton sun sha canzawa. A 1982 Cornelia Gorman da abokan aikinta suka fito da CAT, wani inzayim na bakteriya da ke sauya maganin kuloramfenikol. Ya yi aiki ƙwarai, sai dai aunawarsa na buƙatar sinadari mai tururin nukiliya da fim ɗin hoto da jira na kwanaki. Akwai lacZ, wadda ke rina tantani shuɗi idan an zuba masa sinadarin X-gal, amma tantanin dabba yana da nasa inzayim mai kama da wannan, don haka ba a rasa ɗan gurɓata. Akwai GFP, furotin mai ƙyallin kore da Osamu Shimomura ya gano a jikin wata halittar teku mai suna Aequorea victoria a 1962. Douglas Prasher ya ware ƙwayar gadonsa a 1992, Martin Chalfie ya sa shi ya haskaka a jikin bakteriya da wata 'yar tsutsa a 1994, kuma a 2008 Shimomura da Chalfie da Roger Tsien suka karɓi kyautar Nobel a kansa. Daɗin GFP shi ne kana kallon tantani da ransa a ƙarƙashin madubi, ka ga wanne ya kunna wanne bai kunna ba.

Amma idan maganar ƙidaya ce, lusifares ya fi kowa kasuwa. Shi ne inzayim ɗin da ke sa ƙwaron nan mai walƙiya da dare yake haskakawa. An ware ƙwayar gadonsa daga nau'in Photinus pyralis na Arewacin Amurka a 1985, a ɗakin binciken Marlene DeLuca da abokan aikinta a San Diego, kuma a 1987 aka sa shi aiki a cikin tantanin dabba. Ba shi sinadarin lusifarin, da ATP mai ba tantani makamashi, da iskar oksijin, da maganiziyom, sai ya fitar da haske rawaya mai ratsin kore, mai tsawon zango wajen nanomita 560. Abin da ya ɗaga darajarsa shi ne tantanin mutum ba ya fitar da irin wannan haske da kansa. Kana aunawa ne a cikin duhu tsantsa, duk ƙyallin da na'ura ta gani daga 'yar rahotonka ya fito.

Ga yadda aikin yake a hannu. Da yamma ka shuka tantani a faranti mai ramuka 96, ko mai 24, ka mai da shi inkubeta mai zafin digiri 37 da iskar kabon kashi 5 cikin 100. Washegari ka duba a madubi, ka ga sun kwanta sun bazu a ƙasan ramukan, ba su yi cunkoso ba, ba su kuma yi tsilli-tsilli ba. Sai ka gauraya filasmid da wani ruwan maiƙo da ke lulluɓe DNA cikin ƙananan ƙullaye, ka ɗiga a kowane rami. Wannan hanyar maiƙon Philip Felgner da abokansa ne suka bayyana ta a 1987. Kafin nan da sinadarin kalsiyom fosfet ake yi, dabarar da Frank Graham da Alex van der Eb suka fito da ita a Leiden ta ƙasar Holan a 1973, kuma daga wannan ɗakin binciken ne tantanin HEK293, wani tantanin mutum da ake renawa a ɗakin bincike, ya fito, wanda har yau ake so saboda ba ya gardamar karɓar DNA. Bayan awa 24 zuwa 48 ka zuƙe ruwan reno, ka wanke, ka zuba sinadarin da ke fasa tantani, ka tura farantin cikin na'urar auna haske ka rufe. Ido ba ya ganin komai. Lambobi ne kawai ke sauka a fuskar kwamfuta, rami bayan rami.

A nan ne gizo ke saƙar. Rami biyu da ke maƙwabtaka ba sa karɓar DNA daidai wa daida. Wani tantaninsa ya fi yawa, wani hannunka ya ɗan karkace wurin ɗigawa, na gefen faranti kuma ruwansu ya fi saurin ƙafewa. Idan rami ɗaya ya ninka ɗan'uwansa haske, ta yaya za ka san ƙarfin makunni ne ko yawan filasmid ɗin da ya shiga? Shi ya sa ake tura ɗan rakiya: filasmid na biyu mai ɗauke da wani lusifares daban, na halittar teku Renilla reniformis, a ƙarƙashin makunnin da ake sa ran ba ya canzawa. Wannan shi sinadarinsa daban, haskensa shuɗi ne, wajen nanomita 480. A auna na ƙwaro, a zuba abin da zai kashe shi ya kunna na Renilla, a auna, a raba na farko da na biyu. Ramin da ya sha DNA da yawa duka biyun za su tashi tare, rabon ya tsaya inda yake.

Dabara ce mai kyau, amma ta taɓa kayar da ni, kuma ina ganin tana kayar da mutane fiye da yadda ake faɗa. Ina gwada wani sinadari a kan wani makunni, lissafi ya yi ta nuna mini makunnin ya tashi. Na maimaita, ya sake tashi. Makonni ina murna, har na fara tsara abin da zan rubuta. Ranar da na koma kan ɗanyun lambobin, kafin rabawa, sai jikina ya yi sanyi: hasken ƙwaron bai motsa ba ko kaɗan, na ɗan rakiyar ne ya faɗi. A ce na farko 10,000 ne, na biyu 1,000, rabo ya ba ka 10. Ka zuba magani, na farko yana nan a 10,000, na biyu ya sauka zuwa 250, rabo ya koma 40. Takarda za ta ce makunni ya ninka sau 4, alhali maganin ɗan rakiya ya danne. Makunnan da ake ɗora wa Renilla, irin su TK da CMV da SV40, duk daga ƙwayoyin bairas aka samo su, kuma suna amsa kiran wasu homon da magunguna da furotin kamar kowane makunni. Tun daga ranar ba na yarda da rabo sai na ga lambobin biyu kowanne shi kaɗai. Kuma ɗan rakiya kaɗan ake sakawa, kashi 1 cikin 10 na babban ko ƙasa da haka, don kada makunninsa mai ƙarfi ya wawure furotin ɗin da wanda ake bincike ke buƙata.

Akwai wasu ramukan da ba a tsallake su. Filasmid wanda ba a dasa masa makunni ba, don a ga hasken da zoben ke bayarwa shi kaɗai, domin a cikin haruffansa akan samu wuraren da furotin ke mannewa ba da niyyar kowa ba. Wannan matsalar ce ta sa kamfanin Promega ya sake tsara jerin pGL3 ya fito da pGL4, inda aka rage irin waɗannan wurare. Da kuma filasmid mai makunnin da aka san ƙarfinsa, don a tabbata aikin ya yi. Sannan rami uku da aka cika daga kwalba ɗaya a rana ɗaya gwaji ɗaya ne, ba uku ba. Maimaici na gaskiya sai an sake shuka tantani a wata ranar, in so samu ne da filasmid ɗin da aka sake tacewa.

Idan an kiyaye waɗannan, abin da hanyar ke iya yi yana da ban sha'awa. Ka ɗauki yanki mai haruffa 2,000 na gaban ƙwayar gado, ka riƙa datse shi daga can nesa: 1,500, sai 1,000, sai 500, sai 200. Haske yana nan, yana nan, kwatsam tsakanin 500 da 200 ya faɗi. Ka san akwai wani abu mai muhimmanci a cikin haruffa 300 ɗin nan. Wani lokaci kuma datsewar ce ke sa haske ya tashi, alamar ka cire mazaunin wani mai dannewa. Daga nan sai aikin allura: ka bar tsawon yadda yake, ka canza haruffa 3 ko 4 kacal a inda kake zargi. Wannan ya fi datsewa ƙarfin hujja, tunda bai taɓa tazarar da ke tsakanin sauran sassan ba.

Da gwaji irin wannan aka gano cewa makunni ba shi kaɗai ke magana ba. A 1981, a Zurich, Julian Banerji da Sandro Rusconi da Walter Schaffner suka saka wani yanki na bairas ɗin SV40 a filasmid ɗaya da ƙwayar gadon bita-gulobin ta zomo, suka cusa a tantanin mutum da ake kira HeLa. Kwafa ta ninka wajen sau 200. Suka matsar da yankin nesa, suka juya shi baibai, bai fasa aiki ba. Sunan da ya bi irin waɗannan yankuna shi ne inhansa, wato masu ƙara ƙaimi.

Misali biyu daga lafiyar ɗan Adam sun isa su nuna inda ƙarfin hanyar yake da inda take buƙatar taimako. A 2013 ƙungiyoyi biyu, ɗaya a Boston ɗaya a Jamus, suka ba da rahoton canjin harafi ɗaya a makunnin TERT a cikin sankarar fata ta melanoma, haruffa 124 ko 146 kafin inda umarnin furotin ke farawa. TERT ita ce ke ba tantani damar ci gaba da rabuwa ba tare da tsufa ba, kuma a yawancin tantanin baligi a kashe take. Ƙungiyar Boston ta sami canjin a 50 daga cikin samfura 70. Amma samun canji a ciwo bai nuna yana yin wani abu ba. Da aka ɗora makunnin lafiyayye da mai canjin a kan lusifares, mai canjin ya ba da haske ninki 2 zuwa 4. Harafi ɗaya ya ƙirƙiro sabon mazauni ga dangin furotin da ake kira ETS. Wanne ne daga cikin dangin? Hasken bai faɗa ba. Sai a 2015 wasu gwaje-gwajen na daban suka nuna GABP ne.

Na biyun ya girmi wannan. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ba su da furotin ɗin Duffy a jikin jajayen ƙwayoyin jininsu, kuma ta wannan ƙofar ce Plasmodium vivax, ɗaya daga cikin masu haddasa maleriya, ya saba shiga. A 1995 masu bincike a Paris suka nuna cewa umarnin furotin ɗin lafiyarsa ƙalau, harafi ɗaya ne ya canza a makunni, daga T zuwa C, a daidai mazaunin GATA-1. GATA-1 kuwa furotin ne na tantanin da ke zama jajayen ƙwayoyin jini, shi ya sa makunnin ya mutu a jini kaɗai, a wasu sassan jiki Duffy yana nan. Darasin da ke ciki ga mai gwaji a fili yake: wanda ya kai wannan makunni cikin tantanin da ba shi da GATA-1 ba zai ga bambancin da ake nema ba, sai ya tashi da cewa canjin ba shi da tasiri. Ina jin takaici duk lokacin da na ga an gwada makunnin hanta ko na ƙwaƙwalwa a HEK293 don kawai shi ya fi sauƙin sha'ani. Makunnin hanta a kai shi HepG2, tantanin da aka samo daga ciwon dajin hanta, ko tantanin hanta na ainihi, ko da cusa DNA a cikinsu zai ba da wuya.

Ko an dace da tantani, filasmid baƙo ne a gidan. DNA ɗin mutum, mai tsawon kusan mita 2 a kowane tantani, a nannaɗe yake a jikin furotin ɗin histon, haruffa 147 a kowane ƙulli, wani wurin a sake, wani wurin a ɗaure tamau yadda babu mai isa gare shi. Ga kuma tambarin methil da tantani ke bugawa a kan wasu haruffan C don ya rufe makunni. Filasmid ɗin da ya fito daga E. coli ba shi da wannan tambari irin na tantanin mutum, naɗinsa bai cika ba, kuma yakan shiga da kwafi masu ɗimbin yawa a inda asali kwafi biyu ne. Saboda haka makunnin da jiki ya kulle shekara da shekaru yana iya haskakawa tar a kan filasmid. Sannan abin da ka yanko guntu ne. Inhansar da ke kunna ƙwayar gadon Sonic hedgehog a hannu da ƙafar ɗan tayi tana nesa da ita da haruffa kusan miliyan 1, a cikin wata ƙwayar gadon daban, kuma canjin harafi ɗaya a cikinta yana sa a haifi yaro da ƙarin yatsa. Babu filasmid mai haruffa 2,000 da zai ba ka wannan labari. Shi kansa shigar baƙon DNA yana iya tayar da hankalin tantani ya ɗauka bairas ne ya shigo, ya kunna ƙwayoyin gadon intaferon masu yaƙar bairas, rahoton ya gurɓace.

Ita ma 'yar rahoton tana da halinta. Rabin lusifares na ƙwaro yana lalacewa cikin kamar awa 3, GFP kuwa yakan haura kwana guda. Idan kana son ganin lokacin da makunni ya mutu, GFP zai ci gaba da ƙyalli bayan an daɗe da kashewa, don haka ake liƙa wa 'yan rahoto wata jelar da ke sa tantani ya yi saurin narkar da su. Wasu sinadarai kuma inzayim ɗin suke kamawa kai tsaye, ba ruwansu da makunni. Sinadarin resberatirol, alal misali, yana danne lusifares na ƙwaro. Abin mamaki, wasu masu dannewar ƙara haske suke yi, domin idan sun manne wa inzayim ɗin a cikin tantani suna kare shi daga lalacewa, ya taru, a ga kamar an kunna wani abu. Masu bincike a cibiyar NIH ta Amurka sun nuna haka a 2009 game da sinadarin PTC124. Maganin wannan shi ne a sake gwajin da 'yar rahoto ta wani dangi, misali NanoLuc da aka fito da shi a 2012 daga wani jatan lande na can ƙasan teku.

A fahimtata, tambaya ɗaya ce filasmid mai rahoto ke amsawa da kyau: shin wannan yankin DNA zai iya tuƙa kwafa a cikin irin wannan tantani, kuma waɗanne haruffa yake dogaro da su? Ko yana yin hakan a mazauninsa na asali, wannan sai an nemo wasu shaidu. A auna RNA ɗin ƙwayar gadon ta ainihi a ga ko ta bi sawun hasken. A duba ko furotin ɗin da ake zargi yana zaune a wurin da gaske a cikin tantani mai rai. Yanzu kuma da CRISPR, dabarar yanka DNA a daidai inda ake so, ana iya zuwa har gida a canza haruffan a inda suke, ko a dasa lusifares ɗin a jikin ƙwayar gadon kanta, yadda zai ji duk abin da take ji daga naɗi da tambari da inhansa na nesa. Ta ɗaya ɓangaren, tun wajen 2012 ana gwada dubban yankuna a lokaci guda: kowane yanki a ba shi lambar shaida ta 'yan haruffa, a zuba su duka a kwano ɗaya, maimakon auna haske a ƙirga sau nawa kowace lamba ta bayyana a RNA. Hanyar STARR-seq da ɗakin binciken Alexander Stark na Vienna ya fito da ita a 2013 ma yankin da kansa ne ke zama lambar shaidarsa. Su ma waɗannan a kan filasmid suke tafiya, kuma a 2018 wannan ɗakin binciken da kansa ya nuna cewa wurin da bakteriya ke fara kwafar zoben yana aiki kamar makunni a cikin tantanin mutum, har ya sa suka sake fasalin filasmid ɗinsu.